Littafi na biyu da na ɓoye a durowa

Cikin shekarun aikina, akwai ranar da har yau ta ƙi fita raina, ranar da kwalin littattafai ya iso ɗakin karatun kolejinmu da ke wajen Tajaye. Lokacin muryata ta fara ƙarewa, sai darakta ya sauke ni daga aji ya damƙa mini mabuɗin ɗakin. Abokan aiki suna tsokana ta da "sarkin gara", don ni da garar muke wuni. Da rani garin ma kansa fayau yake, maza duk sun tafi biɗa, wato cin rani.

Mai karatu ɗaya gare ni ta gaskiya, Rabi, 'yar ajin ƙarshe. Yayanta Sani ya tafi biɗa arewa, damina biyu ba waya, ba saƙo. Akwai wani littafin Faransanci na matasa da ta ara har sau uku. Labarin bayan duniya ta lalace ne, ruwa ya ƙafe, injuna sun tsaya, wani yaro ya fita neman ruwa ya bar ƙanwarsa tana tsaron gida. A nan littafi na farko ya tsaya. Kullum ta shigo sai ta ce, "Mushe, na biyun bai zo ba?" Mushe shi ne yadda ɗalibanmu ke kiran malami, daga Faransanci.

To, ga shi cikin kwalin. Ƙa'idar aiki ita ce a rubuta sabon littafi a rajista, a ba shi lamba, a buga hatimi, a manna katin aro, sannan ya hau kanta. Duk na yi, sai na ƙarshen. Na zauna na karance shi cikin wuni biyu. Littafi ne mai kyau, ya ma fi na farko. Amma yaron bai dawo ba. Tun a babi na huɗu ƙanwar ta tsinci gorarsa a bakin wata busasshiyar rijiya. Na rufe shi na jefa a durowa.

Da Rabi ta zo, ta ce ta ga an sauke kwali. Na ce, "Ya zo, amma na duba shi, ɓata lokaci na. Bai kai na hwarko ba. Ki riƙe karatun jarrabawa."

Ta dube ni, ta ce, "To, Mushe." Ba ta sake shigowa ba.

Wata huɗu na yi ina buɗe ƙofa da safe, in share, in zauna, in rufe. Na yi kewar yarinyar nan ƙwarai, don in ban da ita ba wanda ya taɓa yi mini gardama a kan littafi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Bayan sakamako ya fito ta ci, ta zo maido katinta, za ta wuce lise, babbar sakandare, a Tawa. Na kasa daurewa, na jawo durowar na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Mushe, ai na san bai dawowa. Tun na hwarko na gane. Ni ba shi nika biɗa ba. So nika in ga yadda ita wadda anka bari ta yi da ranta."

Na miƙa mata. Ta juya shi, ta ga hatimin lakwal, wato makarantarmu, ta ajiye a tebur.

"Yanzu ni ba ɗaliba ta ba nan. Ku aje ma wata."

Na ce ta ɗauka, ni zan amsa wa darakta. Ta ce mota na jiranta a bakin hanya, ta yi mini sallama ta fita.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a yi ta tambayarku ko littafi kaza ya cancanci karatu. Ku faɗi abin da kuka gani a ciki, ku miƙa. Mai tambayar ya fi ku sanin abin da ya kawo shi. Ni na ɗauka Rabi bishara take nema, ashe abokiyar jira take nema, kuma wata huɗu tana cikin durowata a kulle.