Gurbin Yatsa a Ƙafar 'Yata

Shekarar da muka yaye 'yata, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, ina noma a wani ƙauye kusa da Kiru. An kai ta gidan kakarta wata biyu kamar yadda aka saba, ana ba ta kokon dawa safe da yamma. Da aka dawo da ita, kumatunta sun cika, ƙafafunta sun yi ɓul-ɓul. Na yi ta murna ina cewa yaye ya karɓe ta. Ban lura ta daina wasa ba, ban kuma damu da gashinta da ya yi ja ba.

Bayan girbi Fulani suka sauka a gonata, shanunsu na cin kara suna bar mini taki. Wata dattijuwa daga rugar takan kawo nono gidanmu. Ranar da ta ga yarinyar, sai ta sauke ƙwaryarta, ta danna babban yatsa a bayan ƙafarta, ta ɗauke. Gurbin ya tsaya kamar an danna tuwo.

"Malam, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji ta. "Cikinta a cike, amma yunwa take ji."

Ta ce a riƙa ba ta dafaffiyar madara kaɗan-kaɗan, da kunun gyaɗa. Madarar ita za ta kawo kyauta, tunda shanunta sun ci karana. Gyaɗa kuwa ga ta buhu-buhu a zaurena tana jiran motar Kano, ban taɓa ɗaukar ta abincin yara ba.

Cikin mako guda kumburin ya sace, yarinya ta koma ƙashi da fata. Na tsorata. Na tare dattijuwar a ƙofar gida, na ce madararta ce ta tsotse mini 'ya, kada ta sake tako mana gida. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Yau ne ka ga jikinta na gaskiya. A da, ruwa ne ya ɓoye maka shi."

Ashe ba ta daina zuwa ba. Ta bayan danga take miƙa wa matata ƙoƙon madara, ni ina kasuwa.

Wata safiya na ji dariya a tsakar gida, na leƙa na ga 'yata tana bin 'yan tsaki da gudu. Na ɗauke ta, na ji nauyi. Na duba kanta: baƙin gashi yana fitowa daga tushe, a ƙarƙashin jan, kamar shukar ruwan fari. Na danna ƙafarta, naman ya biyo yatsana. Na shiga tasbihi. Sannan matata ta gaya mini gaskiya.

Washegari na tafi rugar neman gafara. Na tarar da turaku da busasshen taki, an ce sun tashi sun yi wajen Doguwa. Ban sake ganinta ba. Har yau duk jikan da aka yaye a gidana sai na danna ƙafarsa, in yi wa baiwar Allahn nan addu'a.