Sunan da Gwaggo Asibi Ta Riƙe

Uwar mijina Allah ya yi mata rasuwa bara da kaka, ana cikin yankan dawa. Duk ƙauyenmu na Kara Gwaggo ake ce mata, wanda ya haɗa jini da ita da wanda bai haɗa ba, in kuma an so bambanta ta da wata sai a ce Gwaggo Asibi. Ni daga cikin garin Gwarzo aka kawo ni gidan, kuma ba zan ɓoye muku ba, farkon zuwana na ɗauka matar nan ba ta ƙaunata. Ka gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Ka kai mata tuwo, ta ce ta ƙoshi, alhali tun safe ba abin da ta sa a bakinta. Sai da na zauna da ita na gane kunya ce irin ta Fulanin da, wadda ko a gaban ɗan da ta haifa ba ta iya cin abinci.

A ruga aka haife ta, can wajen ƙasar Katsina, ta tashi tana tatsa tana dama fura. Da ta yi aure sai ta shigo gidan wani dattijo mai shanu da kowa ke kira Jalo, ɗansa ta aura. Jalon nan shi ya gaji da yawo ya ce a kafa bukka a nan, shi ya haƙa rijiyar da har yau muke ɗiba, shi ya sa 'ya'yansa suka koyi riƙe fartanya. Shanu suka yi ta raguwa, gonaki suna ƙaruwa. Gwaggo ta daɗe tana ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Gwarzo a ƙafa, har gwiwa ta hana ta. Mijinta ya rasu, ƙannensa suka bi shi, sa'o'inta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. A lokacin da nake ba ku labari, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Jalo da idonsu.

'Yata Zinnira tana aji biyar a firamare a shekarar. Da aka koma zango na uku, malaminsu, Malam Uwaisu, ya tara iyaye ya gaya mana abin da yara za su karanta kafin hutu. Akwai lissafi, akwai yadda tsiro ke shan ruwa, a tarihi kuma za su yi mutanen da, waɗanda suka yi zamaninsu suka shuɗe. Ya roƙe mu mu riƙa taimaka musu a gida. Tun daga nan ba mu huta ba. Yarinyar nan ta dawo, ko kayan makaranta ba ta cire ba, sai ta zube a tabarmar Gwaggo ta hau zuba: mutanen Misira sun gina dala da duwatsu, sarakunansu sun sa an sassaƙa sunayensu a jikin dutse don kada a manta da su. Gwaggo kan ce mata 'yar boko, wai ina ruwanta da Fir'aunan da Allah ya nutsar. Amma fa tana sauraro, don in Zinnira ta tsaya sai ta ce ta ci gaba.

Wata rana Malam ya ba su aikin gida. Ya ce tarihi ba a Misira kaɗai yake ba, kowa ya je ya tambayi wanda ya kafa gidansu, daga ina ya zo, mece ce sana'arsa, kuma mene ne sunansa. Ranar na ga Gwaggo ta saki baki yadda ban taɓa gani ba. Ta faɗi hanyar da suka biyo da shanu, da tsamiyar da suka fara sauka a gindinta, da yadda Jalo ke gane kukan kowace saniya daga nesa. Ta ce ranar da aka kawo ta gidan, karsana ya ba ta, ya ce tata ce ba ta mijinta ba. Zinnira tana ta rubutu har hannunta ya gaji. Da aka zo kan suna, Gwaggo ta ce Jalo. Yarinya ta ce a'a, Malam ya ce sunan yanka yake so, Jalo kuwa sunan dangi ne, ko a ajinsu akwai masu shi.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce rana ta yi, a kai wa awaki ruwa.

Na san dalili. Mace ba ta kama sunan uban mijinta, mu ma a cikin gari haka muka tashi. Amma ai akwai dabara. Na ce mata, Gwaggo, ba sai kin faɗa ba, ki nuna mana takwaransa kawai, ki ce mai sunan wane. Ta ce ba shi da takwara, suna ne na can da, tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji an raɗa wa kowa shi ba. Baban Zinnira ya zauna yana jero mata sunayen Fulani don ta gyaɗa kai in ya dace, tana girgiza kai, har ta tashi ta shige ɗaki. Ya hau babur ya je wajen dangi a Gammo, ya je Mainika, duk tsohon da ya tambaya sai ya ce ai shi ma Jalo ya tashi ya ji ana faɗa. Sai a lokacin muka farga cewa sunan mutumin da ya kafa gidan nan ba ya ko'ina a duniya sai a bakin tsohuwa ɗaya, kuma ita ba za ta faɗa ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na tasa baban Zinnira a gaba na yi ta masifa. Mutumin da ƙasa ta daɗe da cinye shi, kunyar wa ake ji? In ta mutu da shi a ciki, wa ta yi wa ladabi? Ya ce in bar masa uwa ta huta, abin da ta riƙe tun kafin a haife ni ba aikin gidan 'yar firamare ne zai ƙwace shi ba. Na bar maganar, amma ban yarda ba. Zinnira ta kai aikinta da sunan Jalo, Malam ya karɓa, har ya sa ta karanta a gaban aji. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Bayan an yi shuka suka shiga darasin mutanen Nok. Muna zaune muna ɓarar gyaɗa, Zinnira tana ba mu labari: wai masu haƙar kuza ne suka tono kawunan yumɓu a kudancin Kaduna, an yi su da kyau har da kitso, kuma masu su sun iya narkar da ƙarfe. Ta ce Nok ma ba sunansu ba ne, sunan ƙauyen da aka tono kawunan ne aka liƙa musu.

Gwaggo ta tsayar da hannunta. Ta ce, "To su me suke kiran kansu?"

"Ba wanda ya sani, Gwaggo."

"Ba su bar 'ya'ya ba ne?"

"Malam ya ce wataƙila sun bari. Ba a dai riƙe ba ne."

Ta ci gaba da ɓara har muka gama gyaɗar. Daga ranar ta daina tsokanar Zinnira, in yarinya ta zo da sabon labari sai ta ce kanta na ciwo. Takan zauna a bakin rijiya ba ta ɗiban ruwa. Wata safiya ina shara ta kira ni, ta tambaye ni ko addu'a na isa ga mamacin da ba a san sunansa ba. Na ce haba Gwaggo, Allah ai ya san bayinsa. Ta ce ta sani. Sai na ji tausayinta ya kama ni, don na gane abin da nake ta faɗa a kai ya fi cin ta fiye da ni.

Da aka yi hutu ciwo ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura, abinci sai an yi da gaske. Wata rana da hantsi, an yi ruwa an ɗauke, baban Zinnira yana gona, na shiga da kunu. Ta ce in ajiye in zauna, in kira mata yarinyar. Muka zauna a gefen gadonta. Ba ta kalle mu ba, rufin ɗaki take kallo tana magana.

Ta ce kafin baban Zinnira ta haifi wani ɗa, shi ne na fari. Wannan mun sani sama-sama, an ce ya rasu yana ƙarami, amma ba a taɓa zancensa a gidan. Abin da ba mu sani ba shi ne, sunan yankan Jalo aka raɗa masa. Ta ce kun san ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle wanda ya ci sunan surukinta. Ko nono za ta ba shi sai ta juya baya. Ƙyanda ta kama shi suna hanya da shanu, bai kai ga yaye ba, aka binne shi a wani daji da ba za ta iya nuna wurin ba yanzu. Ta ce ranar ko hawaye ba ta bari an gani ba, don kada a ce ba ta da kunya.

Zinnira ta riƙe hannunta.

Gwaggo ta ce, "Sunan surukina ba zai fita daga bakina ba har in koma ga Allah. Amma ɗana ban taɓa kiransa ba, ko sau ɗaya. Yau zan kira shi. Ke 'yar nan, ki kasa kunne."

Ta juya fuskarta ga bango. Sai ta kira sunan a hankali, ta ja ƙarshensa, yadda uwa ke kiran yaro ya shigo ya ci abinci. Ta saurara kaɗan. Sannan ta ja zane ta rufe kanta, kafaɗunta suka fara rawa. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin matar nan ta yi kuka ba, kuma ranar ba ta ɓoye ba. Ni ma na yi, na yi sosai.

Da azahar baban Zinnira ya dawo daga gona, ya tarar da idona a kumbure. Na gaya masa duk abin da ya faru. Ya jingine fartanya, ya zauna a kan turmi, ya ce to mene ne sunan. Na ji shi da kunnena, gajere ne, mai daɗin faɗa. Na buɗe baki, ni da na yi ta masifa a kan a faɗa, wallahi ya ƙi fita. Sai Zinnira aka kira, ta zo ta durƙusa ta gaya wa ubanta sunan kakansa da na yayansa.