Maman 'Yan Makara da Gurbi na Ƙarshe

Kafin masu shara su gama da barandar sashen nazarin harkokin kuɗi na jami'a, ita ta riga ta buɗe ofishinta. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta doki tagar nan mai taurin kai da gefen hannu har ta buɗe, ta goge kujerar baƙi kafin ta goge tata. Sai ta ɗora ruwan shayi, alhali ita ba ta shan shayi a wurin aiki. Sakatariyar masu neman digiri na biyu ce, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. A bakin ɗalibai kuwa sunanta Maman 'Yan Makara. Ni ce 'yarta ta fari, kuma gara in gaya muku tun yanzu, jinjinar nan da kishi a cikinta. Na yi ƙoƙarin tace shi, ya ƙi fita.

Kowace shekara in an rufe karɓar masu nema, akan sami 'yan guraben da suka rage, na waɗanda aka ɗauka amma ba su zo ba. Shugaban sashe, Farfesa, shi ke da ikon cike su, shi kuwa ba abin da ya tsana irin ganin fuskar wanda ya makara. Saboda haka sai 'yan makara su taru a ƙofar Mama, kowa rungume da fayil, kowa ya yi zuru-zuru.

Ga yadda take yi. Za ta zaunar da kai, ta miƙa maka shayi, ta ce, "Me ya hana ka?" Ka zuba bayani, ba za ta katse ka ba. In ka gama sai ta ce, "Sake faɗa min, ban da ado." A cewarta, mai ƙarya in ya maimaita labarinsa ƙaruwa yake yi, mai gaskiya kuwa nasa raguwa yake. In ta gamsu sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta shiga gabanka har ƙofar Farfesa, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Farfesa, na ji ta bakinsa." Shi ke nan. Ba roƙo, ba magiya. Farfesoshi sun zo sun wuce a kujerar nan, kowanne ya gane cewa ba ta faɗin wannan magana a kan malalaci.

Masinjan sashen ya rantse min cewa a gabansa ɗan wani babban mutum ya zo da turmin atamfa a leda. Ta ba shi shayi kamar kowa, ta saurare shi sau biyu, sannan ta raka shi har bakin matakala da ledarsa a hannu. Akwai kuma wani malami a sashen yanzu, dakta guda, wanda a zamaninsa jinyar mahaifinsa ta sa ya makara. Har yau in ya zo gaishe ta sai ya rusuna, yana ta "Mama, Mama." Ni kuwa in na ji sai in tambayi kaina: Uwar wa? Lokacin da take zaune tana sauraron labarinsa sau biyu, mu muna gida muna leƙen hanya, abinci ya huce.

Ke ce mai kunnen da ba ya gajiya, Mama. Ke ce kike gane wanda bai yi ƙarya ba tun daga yadda ya riƙe kofi. Mutane da yawa suna zaune a manyan ofisoshi yau saboda 'yar tafiyar nan da kika yi a gabansu. Duk na yarda. Abin da ke ci min rai shi ne, na ɗauka mu da kika haifa muna da kaso na musamman.

Bana aka zo kaina. Ni akanta ce a wani kamfanin sayar da kayan gini. Kujerar shugaban sashen kuɗi za ta zama babu kowa, manaja kuma ya faɗa ƙarara cewa tsakanina da abokin aikina, wanda ya shiga digiri na biyu shi za a ba. Abokin aikin nawa ya yi ta rawar jiki ya nema tun da wuri. Ni da na ga sanarwa sai na yi murmushi. Wace gaggawa zan yi, uwata ce a bakin ƙofar? Ranar da na ɗauki takarduna na je, an daɗe da rufewa, gurbi ɗaya tak ya rage.

Mu biyu ne a ofishin, ni da wata mai goyo, siririya, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙasa. Mama ta ba mu shayi, kofuna iri ɗaya. Ta fara da ita. Matar ta ce tana shirin kawo takardunta naƙuda ta zo mata kafin lokaci, aka yi mata aiki, ɗinkin ya ƙi warkewa, ta daɗe a asibiti. Da aka ce ta sake faɗa, sai ta ce, "Haihuwa na yi, Mama."

Sai Mama ta juyo gare ni da muryar da take yi wa baƙi.

"Ke fa, me ya hana ki?"

"Haba Mama."

"Ina jin ki."

Na ce aiki ne ya yi min yawa, ga masu binciken kuɗi sun zo, ga kwamfutata ta lalace, ga ciwon kai.

"Sake faɗa min, ban da ado."

Na dubi fuskarta ina neman uwata a ciki. Da ban gan ta ba, sai na ce, "Na san kina nan."

Ta kawar da idonta daga kaina. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi. Wallahi har na fara tattara fayil ɗina. Sai ta zagaya bayan matar, ta kwance goyon da hannunta, ta ɗora min jaririn a cinya.

"Riƙe mata shi. Farfesa ba ya son kukan yara a ofis."

Ina zaune na ji takunsu a baranda, na ji ƙwanƙwasawar, na ji maganar nan da na sani tun ina yarinya, ana faɗin ta a kan 'yar wasu. Jaririn ya damƙe yatsana ya ƙi saki, yana dalalar da miyau a kan takarduna. Ban taɓa jin kishin mutum irin yadda na ji kishin uwarsa a lokacin ba. Da ta fito tana hawaye, har ni ta durƙusa wa. "Anti, Allah ya saka da alheri. Ke ma Allah ya sa Mama ta shiga da ke." Ba ta ma san wace ce ni ba.

Na yi kwanaki ban taka gidanmu ba. Ƙanena ne ya kira ni ya ce tun ranar Mama ba ta cin abincin kirki. Da na je na same ta tana guga, na ce, "Mama, kowa ɗanki ne a makarantar nan, sai ni?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da na shiga da ke, me zan ce masa na ji?" Ta juya rigar, ta ɗora dutsen guga. "Tunda na fara aikin nan, ƙafata ba ta taɓa yi min nauyi a barandar nan irin na ranar ba."

An ba abokin aikina kujerar. Yanzu ni ke ƙwanƙwasa masa ƙofa in jira ya ce in shigo. In na ce abin ya daina yi min ciwo, na yi ƙarya, kuma Mama za ta gane tun kafin in maimaita.

Duk da haka na gode, Maman 'Yan Makara. Na gode a madadin dakta, da mai goyo, da duk waɗanda suka raba ni da ke tun ina ƙarama. Za ki bar kujerar nan maganarki ba ta taɓa yin araha ba, kuma ni na san abin da hakan ya ci, domin a jikina aka yanka. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya sa yanzu ki zama tamu mu kaɗai, ko na wata guda ne.

Ku kuma masu zama a bakin ƙofofin da mutane ke zuwa da fargaba, ku yi koyi da ita. Ku saurara har ƙarshe, ku tashi ku yi wa mai gaskiya rakiya, ko ba ku san gidansu ba. Sai dai in kuna da 'ya, don Allah ku gaya mata halinku tun kafin a rufe karɓar takardu.