Kaset Ɗin Ɗan Fari

A shekarar da aka shiga tsuke bakin aljihu na dawo Dingyaɗi daga bautar ƙasa, da takardar digiri, babu aiki. Abin da na zo da shi mai ɗan daraja shi ne wata ƙaramar rikoda da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake saƙala wa kunne. Ban cika fito da ita ba, don ina gudun a ce ɗan boko ya toshe kunnensa kada ya ji gaisuwar mutane.

Kawuna, ƙanen Inna, tela ne a kasuwar Boɗinga. Yana da babbar rikoda mai sifika biyu da ya saya lokacin da abubuwa ke tafiya, ya ɗinka mata riga da ragowar yadi. Ranar da ya ga tawa dariya ya yi.

"Wagga aba ita ka waƙa? Ai sauro ne ka ɗaure ga kunne."

Na ce, gwargwadon fahimtata, tasa ta fi cika ɗaki, gangarta har a ƙirji ake jin ta, amma mai yiwuwa tawa ta ɗan fi fitar da muryar mutum. Na ƙara da cewa ba ni da tabbas.

"Kullum ba ka da tabbas," in ji shi. "Mi anka koya maka can?"

Ana haka wani direba ya kawo kaset daga yayanmu, wanda ke aiki a Ikko, ya daɗe bai samu zuwa gida ba. Haka ake yi a lokacin, wanda bai son wani ya karanta masa wasiƙa sai ya yi magana cikin kaset. Kawu ya ɗauro rikodarsa bayan keke, aka girke ta a tsakar gida da la'asar, maƙwabta suka taru. Muryar yaya ta fito da kauri kamar ta mai shela, yana gaida kowa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda ake zancensa. Yana yin sallama ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ba ta dawo ba sai da aka watse. Mutane suka yaba da kunyarta. Ni kuwa na lura tulun da ta dawo da shi ko rabi bai kai ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. In na ce ta zo ta ji ɗanta, na ci mata fuska. In na yi shiru, kawu zai ɗauki waƙa a kan kaset ɗin, don kaset ya yi tsada kuma ya riga ya fara tambaya. Da na rasa dabara, wata hantsi na same ta tana tsince shinkafa, na ce mun yi gardama da kawu kan wace rikoda ta fi, muna neman wanda zai raba mu.

Ta dube ni. "Kai da kawunka ba ku da aiki," ta ce. "Kawo in jiya."

Ba ta tambayi wane kaset ke ciki ba. Na saƙala mata a kan kallabi, na danna, na koma bakin ƙofa ina duban awaki. Da na saci kallo, hannunta ya tsaya a cikin faifan. Da kaset ya ƙare ta ce ba ta gama tantancewa ba, in maido shi farko. Na juya shi da biro don in yi tsimin batir.

Bayan ta sake ji ta cire, ta miƙo mini.

"Ta kawunka ta hi ƙara, ka hwaɗa mai hakanan."

Na ce to.

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Mutumen nan na ciki mura shikai. In direban zai koma, akwai citta da kanumfari ga kwanon can."

Na sake sauraren kaset ɗin daga baya. Ina jin akwai ɗan toshewar hanci, ko da yake ba zan rantse ba. Na dai ƙulle cittar na kai tasha.