Aska a Cibiyar Fulbert

Na daɗe ina shakkar cewa tsutsar da ido ba ya gani za ta iya sauya wa jinin mutum hanya. A littafi kawai na karanta, can nesa da Binuwai. Sai da na dawo garin Garwa, a bakin kogin, na ga cikin Fulbert.

Fulbert ya sauko daga duwatsu yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu yana nutso a kogi yana ɗebo yashi da bokiti. A nan tsutsar ta shige shi ta fata, ta zuba ƙwai a hanta har hantar ta ƙandare. Jini ya rasa hanyar wucewa, ya koma ƙananan jijiyoyi. Ciki ya cika da ruwa, ƙafafu suka kumbura, hannuwa suka rame. A kewayen cibiya jijiyoyi suka taso, baƙaƙe, murɗaɗɗu.

Abokan aiki, da ke kiransa Tonton, wato kawu, suna tsokanarsa: "Tonton, wata nawa ne? Yaushe suna?"

A bakin kogi, idan jiki ya yi nauyi ƙaho ake yi, a zuƙe mataccen jini. Fulbert ya dubi jijiyoyin nan, ya ce ai ga mataccen jinin a fili. Wata Asabar da hantsi, matarsa Pélagie tana kasuwa, ya kira Sulaimanu wanzami.

"A baya nake kafa ƙaho," in ji Sulaimanu. "Ban taɓa yi a ciki ba."

"Bayana lafiyarsa lau. Nan za ka tsaga."

Aska na taɓawa jini ya ɓalle, ya wanke hannun wanzami har gwiwa. Ya danna tsumma, ya jiƙe. Ya cusa toka, jini ya tafi da ita. Fulbert ya yunƙura zai tashi, ya zame a jininsa, kansa ya bugi turmi.

A haka Pélagie ta shigo. Ta yar da kwandon, ta falla wa Sulaimanu mari, ta tsinke masa leɓe, ta rarumi taɓarya.

"Maman Irène," in ji Fulbert daga ƙasa, yana kiran matar da sunan 'yarsu, "in kin karya masa hannu, wa zai danne min?"

Ta saki taɓaryar, ta dunƙule ɗankwalinta a kan ciwon. Su uku suka hau babur bayan direba, Sulaimanu yana danne da hannu biyu har asibiti.

An ɗinke shi, an ƙara masa jini, an zuƙe ruwan ciki, an ba shi maganin tsutsa. Likita ya ce jijiyoyin nan su ne hanyar da ta rage wa jininsa, kuma akwai irinsu a maƙogwaro, inda hannu ba ya kaiwa. Fulbert ya bar shiga ruwa. Yanzu gadin yashi yake yi a tudu.

Na tambaye shi ko yana jin haushin wanzamin.

"Haushin me?" in ji shi. "Da yatsana na nuna masa wurin."