Carbi Mai Ɗiya Talatin da Biyu

Shekarata huɗu da aure ban ko yi ɓari ba. Maigidana ɗan cin rani ne a Abijan. Yakan zo gida Tawa da damina, da an ɗaure gero ya koma. Wata uku ke nan nake da su a shekara.

A shekara ta biyar na yi ta maza na je wajen ungozomar asibitin unguwarmu. Ta ce jikin mace na da sinadaran da ke nunar da ƙwai sau ɗaya a wata, kwanakin kuma kaɗan ne. Ta ba ni wata sarƙa mai kama da carbi. Jan dutse shi ne ranar fara al'ada, farare goma sha biyu su ne kwanakin samun ciki. Akwai zoben roba da zan matsar gaba kowace safiya. Na ɓoye ta cikin sallayata kamar kayan sata.

Damina ta faɗi, maigida ya iso, sai ga uwarsa ta zo daga Barmu. Na fito daga madafa na tarar da ita a kan sallayar, sarƙar a hannunta tana ja. Zoben kuwa ta cire ta yar.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga carbi naki ɗaya ya ɓace. Talatin da biyu na ƙilga. Da shi kike roƙo? Ina Allah za shi ji ki!"

Kunya ta rufe ni. Ta yaya zan gaya wa surukata cewa kwanakin kwanciya da ɗanta nake ƙirgawa? Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta sa aka samo mata dutse ɗaya a kasuwa ta cika shi, ta ce za ta tafi da shi ta riƙa roƙa mini. Lissafi ya ɓace mini. Asibitin ba nisa, amma na kasa komawa in ce an mayar da abin nan carbi. Gero ya nuna, maigida ya hau mota.

Wannan kunyar ce nake jin kunyarta yau. Wata uku na zubar don kada in buɗe baki. Bayan sallar layya Inna ta aiko a gaya mini in kwantar da hankalina, ba ta fashin jan carbin nan safe da yamma.