Shekarar da Baba Ya Koyi Gajeriyar Gaisuwa

Shekaranjiya na bi ta bakin kasuwa na wuce wani mai gyaran rediyo yana narka dalma a kan ɗan ƙarfensa mai zafi. Ƙaurin ya bugi hancina, na tsaya cak a tsakiyar hanya har sai da wani mai babur ya daka mini tsawa. Kai mai karatu, wataƙila wannan ƙauri bai fi hayaƙi ba a wurinka. Ni kuwa shi ne ƙamshin ɗakin Babana a unguwar Kwarbai cikin birnin Zariya, a farkon shekarun casa'in, lokacin ina 'yar shekara goma sha uku.

Mu uku ne a gidan. Da Baba, malamin firamare, da Goggo, yayarsa wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu, sai ni. Innata ta rasu shekara biyu kafin nan, kuma tun ranar da aka share makoki Baba ya zama mutum biyu. A waje yana nan yadda aka san shi, sarkin gaisuwa. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci bai kai taku ɗari ba, amma sai ya ci rabin sa'a a hanya, domin ba ya wuce mutum sai ya ji lafiyar iyalinsa, da ta surukansa, da ta akuyar da aka ce ta yi targaɗe makon jiya. A cikin gida kuwa shiru. Yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa na ci, amma sai a wuni ban ji kiran ba sai in yana neman buta.

Ni ma ina da maɓoyata. Littattafan soyayya nake haya a wani shago kusa da Ƙofar Doka, in saka su cikin littafin lissafi, in kwanta a gindin bishiyar lemun tsami ina karantawa. A cikinsu kowa yana da wanda yake jira, kuma komai daɗewa wanda ake jira yana zuwa. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda rana za ta fito.

Wata rana a ƙarshen bazara Baba ya shigo da wani akwatin ƙarfe mai nauyi a bayan basfarsa. Wani malamin jami'a ne da zai koma ƙasarsu ya bar masa. Ba irin rediyon da ake jin labarai ba ne. Wannan da shi ake magana da wasu masu irinsa a garuruwa masu nisa, kuma ba a taɓa shi sai da lasisi. Sau biyu Baba ya yi tafiya kafin ya ci jarrabawar, aka ba shi takarda da lambar kira, wasu haruffa da lambobi da suka zama sunansa a iska. Ya ɗaura doguwar waya daga zankon soro zuwa dabinon bayan gida. Mai unguwa ya zo da kansa ya duba takardar, domin zamanin soja ne, waya a sama tana sa mutane tsegumi. Goggo kuwa ta raɗa wa akwatin suna oba-oba, saboda kalmar da take ji ana ta maimaitawa a cikinsa, ta ce ita dai kada aljanun ciki su saba da ita.

Akwatin tsoho ne, muryarsa ba ta ƙetare teku. Iyakar waɗanda take kaiwa su ne wasu dattawa bakwai ko takwas, injiniyoyi da malaman jami'a da wani tsohon ma'aikacin jiragen sama, warwatse tsakanin Samaru da Kaduna da Jos da Kano. Kowace Lahadi da hantsi sukan haɗu a wuri ɗaya a iska, su yi zagaye. Shugabansu wani tsohon injiniya ne mai kaushin murya. Shi yake ba kowa dama bi da bi. In ka samu dama sai ka danna madannin makirfo, ka faɗi lambarka, ka faɗi yadda kake jin na gabanka, ka ce oba, wato ka gama, ka saki. Muddin yatsanka yana kan madannin nan, babu wanda yake da damar cewa uffan a duk zagayen. Baba ya san wannan, ya rubuta shi a jarrabawa ya ci. Amma sanin abu a takarda daban, jinin Bazazzagi daban.

Ina tuna Lahadin farko. An yi ruwa da asuba, tsakar gida tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya yi wanka, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, har da turare. Na zauna a bakin ƙofa. Da injiniyan ya tambaya ko akwai wani baƙo, Baba ya danna ya yi sallama. Sannan ya fara. Makonni ya yi yana sauraronsu, ya haddace kowa, don haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Turancinsa na aji. Ya tambayi na Jos sanyi, ya tambayi na Kano ruwa, ya yi wa na Kaduna jajen tarin da ya ji yana yi, ya tambayi iyalin kowa da yaran kowa. Fuskarsa tana haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ina jin ya kai minti biyar kafin ya ce oba.

Akwatin ya yi ta shuuu. Can sai muryar injiniyan, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, ya ce da Turanci nan ba zauren gidan kowa ba ne, wanda bai iya sauraro ba kada ya taɓa madanni. Wani kuma ya sako baki da Hausa yana dariya: "A shimfiɗa wa Malam tabarma mana, da alama kwana ya zo yi."

Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. 

Lahadin da ta biyo ya sake kira, a taƙaice, aka yi kamar ba a ji ba. Ta gaba, yana fara faɗin lambarsa wani ya danne shi da fito, fiii, har sai da ya saki. Daga baya suka samo dabara. Da zarar sun ji muryarsa sai ɗayansu ya ce "mu koma can", duk su ɓace zuwa wani wurin da suka shirya a tsakaninsu. Baba ya bi yana murɗa ƙaramin kan da ake neman tasha da shi a hankali, yana nemansu cikin hayaniya kamar mai neman allura a rairayi. Mutumin da ko kare ba ya wucewa ba tare da ya tanka masa ba, ga shi ana gudun sallamarsa.

Ya yi abin da ya sani. Ya sayi goro mai kyau, ya hau basfa ya tafi gidan injiniyan a can wajen gari don ba da haƙuri. Abin da ya faru daga bakin Goggo na ji, ita ma da ƙyar ta tatso shi. A baranda aka bar shi, tsaye. Injiniyan ya ce shi ba ya cin goro. Ya ce Baba ya je ya yi wata shida yana sauraro kawai, ranar da zai iya faɗin abin da ya kawo shi cikin numfashi biyu, ya dawo.

"Kai ma dai," in ji Goggo. "Gari cike da masu amsa maka, sai ka je kana roƙon waɗanda ko fuskarsu ba ka gani? Ka sayar da oba-oban nan mu huta."

Bai sayar ba. Ban san abin da yake nema a wurin mutanen nan ba. Yanzu ina zaton wuri yake so inda babu wanda ya san Innata, inda ba za a gaishe shi da tausayi a murya ba.

Washegari bayan la'asar ya kira ni. "Uwata, zo ki zama Jos."

Haka muka fara. Ya zauna gaban akwatin a kashe, da agogonsa a tafin hannu. Ni kuma na zauna a bayan asabarin ƙofa inda ba ya ganina, riƙe da ludayi a bakina. Shi zai kira, ya faɗi lambarsa, ya ce yana jina biyar da tara, wato murya tana fita tas, ya ce oba kafin daƙiƙa ashirin su cika. Ni kuma in amsa a matsayin dattijon Jos. Kwanakin farko ya kasa. Sai ya kai tsakiya, "yaya iyali" ta kuɓuce masa, ya yi tsaki ya sake daga farko.

Ni kuwa na gaji da zama Jos. Na fara ƙirƙiro mutane daga littattafaina. Yau ni wata baiwar Allah ce a cikin jirgin ruwa, shekara bakwai tana neman wanda ya yi mata alkawari. Gobe ni likita ce a wani tsibiri inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Sai ya ce, "Tashar jirgin ruwa, wannan ba ya cikin ƙa'ida," amma ina jin murmushi a muryarsa. In na yi tambaya sai ya manta da agogo ya amsa. Ta bayan asabarin nan na ji yadda ya yi karatun allo a Ƙofar Kuyambana, da ranar da ya faɗa kududdufi da sabuwar riga, da malamin da ya fara nuna masa cikin rediyo.

Wata yamma hadari ya haɗo, gari ya yi duhu-duhu, iska tana kaɗa wayar soro. Na sa ludayi a baki na ce, "Tashar Zariya, wanda ya tafi ya daɗe, ana daina jin muryarsa? Oba."

Ya ajiye agogon a gefe. Sannan ya ce ba a dainawa. Ya ce akwai wata da ya sani, in tana tankaɗe takan yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba ta san ana ji ba, kuma har yau in aka taɓa rariya a gidan nan sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya yi ta magana har ruwa ya sauko. Bai kira sunanta ba, ni ma ban kira ba. Na zauna ruwa yana feso mini a ƙafa, na ƙi motsawa don kada asabarin ya yi ƙara ya tuna ni ce.

Daga ranar na fara wata addu'a da ban taɓa gaya wa kowa ba. In na idar da salla sai in roƙi Allah ya sa dattawan nan kada su amsa masa. Na san abin da yake so ke nan a duniya, na ga yadda yake goge akwatin da gefen rigarsa, amma na roƙa.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Baba ya ƙware. Daƙiƙa goma sha biyar, babu iyali, babu gajiya. Tambayoyina ma ya koyi yanke su da "ba ya cikin ƙa'ida", kuma yanzu da gaske yake. Lahadin da wata shida suka cika bai sa farar riga ba. Ya zauna da singileti, ya jira har injiniyan ya nemi baƙo, ya danna, ya faɗi lambarsa, ya ce biyar da tara, oba. Na tsaya a bakin ƙofa, ni kaina ban san wanne nake fata ba.

"Na ji ka, Zariya. Biyar da bakwai. Na gaba."

Shi ke nan. Baba ya juyo, idanunsa cike da ƙwalla, ya ce, "Uwata, kin ji? Sun amsa." Na ce na ji, Baba, barka. Goggo ta rangaɗa guɗa daga madafa don tsokana. Da la'asar na ɗauko ludayina na zauna a bayan asabari. Ya leƙo ya ce ai an gama, na gode miki, je ki yi karatunki. Na mayar da ludayin cikin kwando.

Ya yi shekaru a zagayen nan, har aka riƙa ba shi riƙon shugabanci in injiniyan ba shi da lafiya. An ce bai taɓa yi wa baƙo fito ba. Amma an ce shi ma in sabon shiga ya ja zance, yakan ce masa a taƙaita.

Yanzu dattawan duk sun rasu, dabinon ma an sare shi an yi shago a wurin. Kowa da waya a aljihu, mutum biyu suna iya magana lokaci ɗaya babu mai danne wani. Baba yana nan a Kwarbai, ya haura tamanin, ni kuma aure ya kawo ni nesa. A ƙofar gida an ce har gobe yana tsare mutane da gaisuwa. Amma duk abin da ya bi ta na'ura, horon mutanen nan ne yake aiki. Kowace Juma'a nakan kira shi, na tanadi labarai tun daga Litinin. Sai ya ɗauka ya ce, "Uwata. Ina jin ki sosai. Lafiya lau muke. Allah ya yi albarka." Kafin in buɗe baki ya kashe.

'Ya'yana suna dariya, suna cewa Kaka ba ya son ɓata kati. Ni nakan zauna da wayar a kunne na ɗan lokaci. Ba na iya jin haushinsa, domin na san inda ya koyi wannan, kuma na san wadda ta zauna wata shida tana taya shi.